Tsagar Baba a Ɓawon Itace

Na sauka daga kwalekwale a bakin Tahuayo,
ƙarar baburan Iquitos ba ta bar kunnena ba.
Ban shiga gida ba,
na wuce wurin itacen da Baba Anacleto ya nuna mini
shekarar da haƙorana na gaba suka zube.

Suna nan, su biyun.

Na farko birin nan ne da muke kira leonsito,
ɗan zaki, wai,
zakin da tafin hannu ɗaya zai rufe,
wanda bai kai nauyin lemo ba.
Ya manne da ɓawo, kai ƙasa, wutsiya sama,
yana ƙwaƙule rami da haƙoran ƙasa.
Yau ya huda, gobe da asuba ya dawo ya lashe ƙaro.
Jikin itacen duk zanzana.
Ya juyo da kai har ƙeya ya dube ni,
ya yi fito siriri kamar allura,
kafin in ce "kai ne?" ya zama ganye.

Ta biyu ba ta juyo ba. Ba ta da wuya.
Baba yakan ce mata tabarmar ɓawo,
fara-fara, da ɗan kore,
shimfiɗe kamar kyasfi a kafaɗa.
Ya ce ba abu ɗaya ba ce:
funfuna da gansakuka ne suka haɗa tukunya,
ɗaya ta kafa rumfa, ɗaya tana dafa hasken rana,
sun daɗe tare har sun manta wa ya zo wurin wa.
Ba ta cin itacen, wurin zama kawai ta ara.
In an yi ruwa ta sha,
in an ɗauke ta ƙame ta jira.
Jira ba ya yi mata ciwo.

Ranar nan ya zaro wuƙarsa ta gyaran kifi
ya yi tsaga daidai gefenta.
"Zoila, in kin girma ki zo ki auna."
Na ce, "Birin fa?"
Ya yi dariya har taba ta shaƙe shi:
"Auna iska."

Shekara ashirin da shida.
Yau na ɗora hannu,
ta wuce tsagar da faɗin yatsa biyu,
ba su ma cika ba.
A cikin yatsa biyun nan
na yi aure, na sayar da ƙanƙara a kasuwar Belén,
na binne ɗa,
kogi ya cinye makarantarmu ya tofar da yashi a ƙetare.
Birin da ya dube ni
jikan jikan wancan ne, ko ma ba danginsa ba,
don su in ƙaro ya ƙafe
uba ya goya tagwaye, a bi reshe,
babu sallama.

Ita ba ta da inda za ta.
Can gangare, inda Nicanor ya kafa injin katako,
birai sun tashi tun makon farko.
Ita ta tsaya ta shaƙi hayaƙi
har ta yi baƙi, ta ɓare kamar bakin gyambo.

Yayata Herlinda ba ta taɓa kwana wajen ƙauyen nan ba.
Ita ta riƙa juya Baba a shimfiɗa,
ita ta rufe masa ido.
Ni kuɗi na aiko, sau uku, a jirgin Talata.
Ba ta ce mini komai a kai ba.
Da ma ta ce.

Yamma ta yi, sauro ya fara karatu.
Wani ɗigon ƙaro ya gangaro daga ramin biri
sannu, sannu,
ya tsaya dab da tabarmar,
bai taɓa ta ba.

Ban zo da wuƙa ba.
Da farce na yi sabuwar tsaga,
ba ta shiga sosai ba,
sannan na bi hayaƙin murhun Herlinda.